Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Ilimi na Jihar Kano a kan barcin ɗaliban sakandare

Mai Girma Kwamishina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, masu wannan wasiƙa likitoci ne da ma'aikatan jinya da malaman sakandare, waɗanda aikinsu na kullum yake tare da 'yan shekara 13 zuwa 18. Tun da gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024 ake ta maganar ajujuwa da kujeru da ɗaukar malamai, kuma maganar tana kan hanya. Mu abin da ya kawo mu ba ya cin bulo ko siminti. Takardar jadawalin nan ce da ke manne a ofishin kowane shugaban makaranta, da awannin barcin da take rage wa yaro.

Ranka ya daɗe, a ciro ta wata makarantar kwana a yi lissafi. Ana kaɗa ƙararrawar tashi wajen 4:30 ko 5:00 na asuba. Salla, shara, layin ruwa, karin kumallo, asembuli, sai aji har 2:00. A rubuce akwai hutun rana bayan cin abinci, amma shi ne gonar da kowa yake yanka: nan ake cusa lesin, nan ake lebo, nan ake horo, nan siniya yake tura juniya wanki. Daga nan sai Islamiyya ko firef ɗin yamma (zaman bitar darasi), Magariba, gabza, Isha'i, sannan firef ɗin dare daga 8:00 zuwa 10:00. Kafin a koma ɗaki a kira suna a kashe fitila, 10:30 ta buga. Daga 10:30 zuwa 4:30 awa shida ne cif, shi ma idan an ɗauka yaro yana ɗora kai a filo barci zai kwashe shi, babu sauro, babu kuɗin cizo, babu zafin Afrilu a ɗakin da aka cunkushe fiye da ƙima.

Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ma'auni a 2016, wanda likitocin yara suka amince da shi: ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowane yini da dare. Ke nan yaronmu yana cin bashin awa biyu kullum daga mafi ƙarancin abin da jikinsa yake nema. A mako awa 14. A zangon karatu mai mako 13, awa 182, wato fiye da dare 22 da aka share masa gaba ɗaya. Hausawa kuwa sun riga sun faɗa, ba a cin bashin barci. Zai biya shi, ko a kan benci malami yana tsaka da bayani, ko a ɗakin jarrabawa, ko da lafiyarsa.

Na jeka-ka-dawo ma bai tsira ba, salon nasa ne daban. Boko har 2:00, lesin har 4:00, Islamiyya har 6:00, wasu kuma da makarantar dare bayan Magariba. Yarinya tana dawowa wanke-wanke da tuwon dare suna jiranta. Aikin gida na malamai biyar, kowa ya bayar kamar shi kaɗai yake koyarwa, sai bayan Isha'i za a buɗe shi. Idan aka kawo wuta da sha biyun dare, gida ya tashi: guga, cajin waya, tara ruwa. Ita wayar kuma tana ƙarƙashin filo har ɗayan dare.

Nauyin yana ninkuwa daga SS2. A nan jihar akwai jarrabawar kwalifayin, wadda yaro ya san ita ce za ta sa gwamnati ta biya masa kuɗin jarrabawar fita ko ta bar wa mahaifinsa. Sai SS3: JAMB wajen Afrilu, WAEC a Mayu da Yuni, NECO a Yuni da Yuli, duk a jere, a lokacin da rana take kai digiri 40 kuma Asuba take fi saurin yi. Makarantu da yawa suna riƙe 'yan SS3 ba hutu, a ƙara musu firef har sha ɗaya ko sha biyu. A gida kuma an riga an faɗa wa yaro cewa an sayar da akuya ko an ci bashi don a yi masa rajista, ko an ce wa yarinya in ta faɗi sai aure. Waɗanda suka rubuta a 2025 sun ga abin da ya fi haka: an ce su isa cibiyar JAMB tun 6:30 na safe, sakamako ya fito fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba, daga baya hukumar ta amsa cewa matsalar na'ura ta shafi kusan mutum 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas. A watan Mayun shekarar kuma an rubuta takardar Turanci ta WAEC da daddare a cibiyoyi da dama, wasu da hasken tocila. Waɗannan ba a hannunka suke ba. Jadawalin makarantun jiha kuwa a hannunka yake.

Ga abin da yake faruwa a jikin yaron. Da zarar ya fara balaga, agogon jikinsa yakan ja baya da awa ɗaya zuwa biyu. Sinadarin melatonin, wanda ƙwaƙwalwa take saki idan duhu ya yi don ta kira barci, yakan makara wajen fitowa, ya kuma makara wajen janyewa da safe. Shi ya sa matashi ido biyu da goman dare, da safe kuma sai an yayyafa masa ruwa. Wannan halitta ce, malamai da iyaye kuwa lalaci suke kiran ta.

Shi barcin kansa zagaye-zagaye ne, kowane zagaye kusan minti 90. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, kuma a cikinsa ne ƙwaƙwalwa take kwashe abin da aka karanta da rana daga ma'ajiyar wucin gadi ta kai shi inda zai zauna. Barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare, shi ne kuma yake da hannu wajen kwantar da abin da ya sosa rai da rana. Yaron da aka kwantar a makare aka tashe shi da wuri, ƙarshen ake gutsure masa, sai ya tashi da ɓacin ran jiya bai huce ba. Wanda kuma ya yi abin da suke kira TDB, wato karatu har garin Allah ya waye, ya zuba ruwa ne a kwando. Ya karanta, amma bai bar ƙwaƙwalwa ta ajiye ba. Shi ne yake shiga jarrabawa ya ga tambaya ya san ya gan ta jiya, ya yi ta cizon biro amsa ta ƙi zuwa.

Akwai wani lissafi da muke so a duba da kyau. Bincike a Ostireliya ya nuna mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, saurin fahimtarsa da kiyaye kuskurensa suna faɗuwa zuwa matakin wanda ya sha barasa har ya kai iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi. Yaron da aka tasa 4:30, aka kuma cinye masa hutun rana, yana cika awa 17 da ƙarfe 9:30 na dare. Rabin awar ƙarshe ta firef ke nan, balle ƙarin da ake yi wa 'yan SS3. Man janareton da ake ƙonawa a wannan lokacin, ana haska kawunan da suka riga suka rufe ne. Malamanmu na addini sun san hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa wanda gyangyaɗi ya kama yana salla ya je ya kwanta har barcin ya sake shi, don kada ya je neman gafara ya ɓige da zagin kansa. Idan salla aka faɗa wa haka, ina ga Kemistiri?

Yara sun san barci ɓarawo ne, don haka sun ƙirƙiro dabarun tsare shi. Ƙafa cikin bokitin ruwan sanyi. Goro. Nescafe cokali biyu, wani ma a busasshe yake afawa. Lemon ƙara kuzari. Cokalin shayi ɗaya na Nescafe yana ɗauke da kafeyin, sinadarin da yake korar barci, kusan miligiram 60, ƙaramin gwangwanin lemon kuzari kusan 80, ƙwayar Panadol Extra ma tana ɗauke da shi, alhali shawarar likitocin yara ita ce matashi kada ya wuce 100 a yini. Jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya fitar da rabin abin da aka sha. Wanda ya sha cokali biyu da takwas na dare, da ɗayan dare akwai sauran cokali guda yana yawo a jininsa. Zai kwanta zuciya tana bugawa, barcin ya zo sama-sama, ya tashi da ciwon kai, ya nemi ƙwayar ciwon kai mai kafeyin, da daddare ya ƙara cokali. Daga nan ne wasu suke zarcewa: tramadol don jiki ya ɗauki wahala, Piriton ko diazepam don a samu a runtsa. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma ƙofar da yaro yake bi ya isa ga irin waɗannan tana nan a buɗe, kuma sau da yawa ba neman maye ne ya fara kai shi ba. Garin neman ƙiba ne aka samo rama.

Rashin barci da damuwa kuwa ɗan juma ne da ɗan jummai. Fargabar jarrabawa tana sa jiki ya riƙa sakin sinadaran tashin hankali a lokacin da ya kamata su sauka, barci ya gagara. Rashin barcin kuma yana raunana sashen gaban ƙwaƙwalwa mai riƙe linzami, wanda dama a matashi bai gama nuna ba, ya bar sashen tsoro da fushi yana cin karensa babu babbaka. Wani bincike da aka buga a 2010 a kan matasa fiye da 15,000 a Amurka ya gano cewa waɗanda ake bari su kai sha biyun dare sun fi waɗanda suke kwanciya da goma faɗawa ciwon damuwa da kashi 24 cikin ɗari, masu barcin awa biyar ko ƙasa da haka kuma sun fi masu barcin awa takwas da kashi 71. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma rabin irin waɗannan larurori suna somawa kafin a wuce shekara 14.

Abin lura shi ne yaranmu ba sa zuwa su ce suna cikin damuwa. Da jiki suke magana. "Kaina yana ɗaukar zafi in na buɗe littafi." "Wani abu yana yawo a kaina kamar tsutsa." "Idona yana yin dishi-dishi, ina karantawa ba ya shiga." "Ƙirjina ya yi nauyi." Tun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Raymond Prince ya bayyana wannan tarin alamomi a tsakanin ɗaliban Najeriya, ya kira shi gajiyar ƙwaƙwalwa, har yau kuma su ne kalmomin da ake ji a kilinik ɗin makaranta. Abin da aka saba yi shi ne a ba shi maganin maleriya da farasitamol a ce ya koma aji. Ya dawo bayan mako biyu a ce taifot ne. Babu wanda ya tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya.

Haka nan faɗuwa da ihun da kan ɓarke a ɗakunan kwanan 'yan mata, ɗaya ta fara sauran su bi. Ba mu zo musun addu'a ko ruƙiyya ba. Roƙonmu shi ne a haɗa da dubawa: yaushe abin ya fi tashi, awa nawa suka yi barci a makon, me suka ci, wace jarrabawa ce a gaba. A kuma sani cewa rashin barci yana cikin manyan abubuwan da suke tayar da farfaɗiya ga mai ita, don haka wadda ta faɗi ta sandare, ta ciji harshe ko fitsari ya kufce mata, likita take buƙata ranar.

Wasu za su kawo misalin Amurka, inda likitocin yara suka ba da shawara a 2014 cewa kada a fara aji kafin 8:30, har jihar Kalifoniya ta mayar da shi doka ga manyan sakandare daga 2022. Wannan rigar ba a jikinmu aka auna ta ba. Ko an ɗaga aji zuwa tara, yaronmu zai tashi Asuba, wadda a Kano take kaiwa da komowa tsakanin wajen 4:45 a Yuni da 5:35 a Janairu. Tun da lokacin tashi a kafe yake, sai a kama daga Asuba a ƙirgo baya, a cike gurbin da ƙailula.

Ga yadda muke ganin za a yi. Ƙararrawar tashi ta bi lokacin salla, minti 15 kafin a kira, a daina kafe ta a 4:30 shekara gaba ɗaya. A watannin sanyi wannan kaɗai zai mayar wa yaro fiye da rabin awa. Firef ɗin dare ya tashi 9:00, fitila ta mutu 9:30, 'yan ƙananan aji kuma 9:00. Wannan zai ba da awa bakwai zuwa bakwai da rabi da ɗoriya. Sai ƙailula ta awa ɗaya, 2:30 zuwa 3:30, wadda za a rubuta a takardar umarni cewa babu lesin, babu lebo, babu horo, babu aike a cikinta, malamin da yake kan aiki kuma ya zagaya ɗakuna. Kada ta wuce 4:00, don barcin bayan La'asar yana cin na dare. Bincike a kan matasa a Singafo ya nuna raba barci haka, kaso babba da dare da ɗan kaso da rana, yana riƙe hankali da hadda matuƙar jimillar ta cika.

Za a ce ai yanzu muka gama cewa matashi ba ya jin barci da wuri. Gaskiya ne, shi ya sa ba a sauya shi dare ɗaya. A riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 duk bayan kwana uku. Cikin mako biyu an ci awa guda. A rage hasken ɗakunan kwana rabin awa kafin kwanciya, a bar fitila ɗaya mara ƙarfi a hanyar banɗaki. Hasken rana na safe shi ne yake saita agogon jiki, mu kuwa Allah ya hore mana shi kyauta, asembuli a fili ya wadatar. Wasannin yamma su ci gaba ko da na minti 30 ne, har ga 'yan SS3, domin su ne ake fara cire wa. A hana sayar da Nescafe da lemon kuzari a shagon makaranta, shayi kuma ya tsaya a safe. Ranar Asabar da Lahadi a bari a koma barci bayan salla, amma kada ya wuce awa biyu, in ba haka ba daren Lahadi zai gagara.

Awar da aka cire daga firef ba asara ba ce idan aka gyara yadda ake karatun. Minti 45 na karatu, 10 na hutu. A rufe littafi a gwada tuno abin da aka karanta, a amsa tambayoyin shekarun baya, a sake waiwayar darasin bayan kwana ɗaya, bayan uku, bayan mako. Wannan ya fi maimaita shafi ɗaya sau biyar da ido rabi a rufe. Daren jarrabawa kuma a rufe littafi da wuri fiye da kullum.

Horon dare ya kamata a haramta shi a rubuce: tashin juniya da tsakar dare, tsallen kwaɗo bayan an kashe fitila, aiken ɗebo ruwa kafin Asuba. Mai gyangyaɗi a aji a daina zane shi. A rubuta sunansa, in ya maimaita sau uku a mako a zaunar da shi a tambaye shi. Karanta sunan na ƙarshe a asembuli da kiran yaro daƙiƙi a gaban 'yan'uwansa su ma su tafi, don a ɗakin kwana ake biyan kuɗinsu, ido biyu har Asuba. A makarantun jeka-ka-dawo, malaman aji ɗaya su haɗa kai aikin gida kada ya wuce minti 90 gaba ɗaya, gwaji kada ya wuce biyu a rana, a kuma zauna da hukumar makarantun Islamiyya a sassauta hadda a watannin jarrabawa. A taron iyaye da malamai a roƙi abu ɗaya: waya ta kwana a ɗakin uwa.

Sauran aikin na gane wanda abin ya riga ya kama ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, don haka idon farko na metiron ne da malamin gida da nas ɗin makaranta. Akwai tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka yi shi don horar da waɗanda ba ƙwararru ba cikin 'yan kwanaki. Ma'aikatar Lafiya za ta iya shirya shi a lokacin hutu. Abin da za su riƙe ba shi da yawa. Yaron da ya yi mako biyu a jere cikin ƙunci, ya janye daga abokai, ya bar abinci, makinsa ya zube, ko yake farkawa tsakar dare barci ya ƙi dawowa, a tura shi asibiti, a kuma duba jininsa, don ƙarancin jini da maleriya suna kwaikwayon wannan. Wanda ya kwana biyu ko uku bai runtsa ba kuma bai gaji ba, yana ta zuba ba kan gado, ko yana jin muryoyi, ba a kwana da shi. Wanda ya ce "gara in mutu in huta", ko ya fara rabar da kayansa, a tambaye shi kai tsaye cikin taushi ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi take kawowa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da ƙwayoyi da igiya daga inda yake, a kira iyayensa, a kai shi ranar, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kada a kore shi, kada a yi shelarsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba shi haƙƙin magani da rufin asiri. Malamin ba da shawara kuma a rage masa darussa, a ba shi ɗaki mai ƙofa, ba kusurwar ofishin malamai ba inda kowa yake kasa kunne.

Ba mu ce a yarda da mu ido rufe ba, ranka ya daɗe. A zaɓi makarantun kwana shida, uku na maza uku na mata. Kafin a taɓa komai, ɗalibai su cike takarda ta mako biyu ba tare da suna ba: ƙarfe nawa na kwanta, ƙarfe nawa na tashi, na yi ƙailula ko ban yi ba, me na sha. A haɗa da adadin masu zuwa kilinik da ciwon kai, da masu gyangyaɗi a darasin farko, da makin gwaji. A yi zango ɗaya da sabon jadawali, a sake aunawa, a ajiye sakamakon kusa da na makarantun da ba a taɓa ba. Muna roƙon a fara a zangon farko, kafin guguwar jarrabawa ta taso, kuma a shirye muke mu tsara takardar aunawar mu horar da waɗanda za su karɓe ta ba tare da an biya mu ba.

Allah ya yi jagora, ya ƙara wa Mai Girma Kwamishina lafiya.

Wassalam,
Wasu likitoci da ma'aikatan jinya da malaman sakandare, Kano.